Shin Hukunci Yana Raba Mace da Bakin Magana?

Alƙali yana da ikon tsare mace mai laifi, amma shin ikon nasa ya kai ga raba ta da mutuncinta? A 1813 Elizabeth Fry ta shiga kurkukun Newgate da ke Landan, ta tarar da mata da 'ya'yansu a cunkushe. A 1817 ta kafa ƙungiyar mata 'yan sa-kai masu koya musu ɗinki da karatu.

Abin lura a nan ya wuce ɗinki. Da aka tsara dokokin zama, sai aka karanta wa fursunonin, aka nemi amincewarsu ta hanyar ɗaga hannu. Wani zai ce wannan sangarta mai laifi ne, alhali wadda aka zalunta tana gida babu mai leƙa ta. Ƙorafin yana da nauyi. Sai dai a ganina, gandiroba aikinsa tsaro ne, dangi kuwa sau da yawa kunya kan hana su zuwa. Saura 'yar sa-kai, wadda za ta zauna da matar ta tambaye ta sana'ar da za ta kama ranar da aka sallame ta.