Mun Manta Ruwan, Mun Riƙe Zurƙe

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a firamare, ka tare shi yau ka tambaye shi yadda Alhaji Imam ya yi har ya ɗebo ruwan. Zai yi jim, ya sosa ƙeya, ya ce akwai dai aljannu can wajen ƙarshe, sauran ya shige masa duhu. To, ka ce masa, "Malam Zurƙe fa?" Kafin ka rufe baki ya fara dariya. Zai ba ka labarin ranar da Alhaji ya zana 'yar lanƙwasa a ƙasa gaban mutanen gari ya ce Zurƙe ya karanta, Zurƙe ya kira ta da sunan harafi kamar yadda kowane mai karatu zai yi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka goyi bayan mai ƙarya suka kori mai ilimi. Shekara talatin, arba'in da ajiye littafin, wannan bai goge ba. Ruwan da aka sa wa littafin sunansa, wanda dominsa aka bar gida aka shiga duniya, shi ne ya fara zubewa daga ƙwaƙwalwa.

Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da ya rubuta shi domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Wa da ƙane kowa ya shiga duniyar aljannu, amma ta ƙofa daban. Ganɗoki jarumi ne, takobi a hannu, daga fagen fama da Turawa zuwa ƙasashen da ba na mutane ba. Alhaji Imam kuwa ba ya da takobin kirki sai baki. Ya fita ne saboda an wulaƙanta Liman, mijin mahaifiyarsa, a fada kan maganar ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma mafi yawan tafiyar tasa ta ƙare ne a ramuwar gayya tsakaninsa da mutum guda, gari bayan gari, wannan ya ɗana wa wancan tarko, wancan ya rama.

A hunturun da ya wuce wani tsohon kwafe na kamfanin ɗab'i na NNPC, bangonsa ya rabu an ɗinke shi da zare, ya zagaya gidanmu a unguwar Ali Kazaure. Sanyin Jos idan ya sauko ba ya barin mutum yawon dare, sai a taru a ɗaki ɗaya kusa da kaskon gawayi, kuma a irin wannan zama littafi yakan samu masu shi. Na saurari abin da kowa ya ce bayan ya gama.

Ɗan yayata, wanda yake ajin ƙarshe a sakandare, shi ya fara dawo mini da shi, ransa a ɓace. Shi ya tashi ne da littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, inda sadaukai ke karo da matsafa da rundunonin aljannu, kowane babi da gumurzunsa. Ya ce, "Kawu, ai wannan an yaudare mu. An ce ruwa za a nemo, sai mutum biyu suna ta cutar juna. Ba a yi komai ba a ciki sai can ƙarshe." Na ce masa, "To ɗana, wa ka fi jin haushi a cikinsu?" Ya ce Alhaji mana, ai shi ya fara, Zurƙe bawan Allah da karatunsa ya zo aka tozarta shi. Daga nan ya shiga lissafa mini wanda ya fi cutuwa da wanda ya wuce gona da iri wajen ramuwa, yana ɗaga murya kamar maganar maƙwabtanmu ake yi. Ya fi rabin sa'a a kan littafin da ya ce babu komai a cikinsa.

Gwaggona ba ta yi boko ba. A kunne ta san labarin, tun ana karanta wa mata shi a tsakar gida tana budurwa. Da jikokinta suka sake karanta mata, ba ta tsaya kan aljannu ba ko kaɗan. Cewa ta yi ta san Zurƙe, ta san irinsa, akwai wani mai kama da shi a dangin mijinta: mutum mai sani amma ba ya da sa'ar baki, kullum sai wanda bai kai shi ba ya rinjaye shi a gaban mutane. Ta faɗi haka da tausayi na gaske, kamar mai tuna mamaci.

Wanda ya fi sa ni tunani shi ne maƙwabcinmu, dattijo mai koyarwa a islamiyya. Ƙorafinsa ya fi na yaron nauyi, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Ya ce, "Malam, ni abin da ban gane ba, yaya za a ɗauki maƙaryaci, mazambaci, a sa masa Alhaji, a ce kuma shi ne tauraro, shi ne zai dawo da nasara? Me yaro zai koya?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ai kun karanta Muƙamatu Hariri." Ya yi murmushi, don ya gane inda na nufa. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya rubuta maƙama hamsin a kan Abu Zaid as-Saruji, tsoho mai zaƙin harshe da ke yawo gari-gari yana damfarar jama'a da fasaha, Haris ɗan Hammam yana cin karo da shi a kowane zango yana gane shi. Wannan littafi malamanmu na zaure sun ɗauki ƙarnoni suna karantar da shi ga manyan almajirai domin lugga da balaga, ba wanda ya ce ya halatta damfara. Manazarta adabin Hausa sun daɗe da nuna cewa daga can Imam ya ɗauko tsarin mutum biyu masu haɗuwa a kowane gari. Malam ya ce haka ne, amma Hariri sai wanda ya yi nisa ake ba, Ruwan Bagaja kuwa yara ake miƙa wa. A nan muka tsaya, kuma har yanzu ina ganin maganarsa abar dubawa ce ga duk mai zaɓa wa yara abin karatu.

Sai dai ni abin da na gani a ɗan yayata ya kwantar mini da hankali ta wannan fuska. Ba wanda ya yi masa wa'azi, littafin ma bai tsaya ya ce ƙarya ba ta da kyau ba, amma ya fito yana jin zafin abin da aka yi wa Zurƙe. Ya ga yadda taron mutane ke bin mai daɗin baki su bar mai gaskiya, ya ji ciwon abin a jikinsa. Da Imam ya yi Alhaji salihi marar aibi, da babu inda wannan zafin zai fito. Jarumin da ba ya kuskure sai dai a yi masa tafi. Ba ya barin mai karatu da wani hukunci da zai yanke da kansa.

Mu mutanen wannan unguwa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, don muna kwana muna tashi a cikin misalinsa. Kuza ce ta cika Jos da baƙi. Dominta kamfanonin Turawa suka haƙe tsaunukan nan tun farkon ƙarnin da ya wuce, dominta aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, dominta kakanninmu suka baro Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno, wasu leburori, wasu 'yan kasuwa, wasu mahauta da maɗinka masu bin inda kuɗi yake. An rufe wancan layin dogo a 1957, manyan kamfanonin sun tattara sun tafi, abin da suka bari shi ne ramukan da suka zama tafkuna a wajen Bukur da Barikin Ladi. Ka tambayi yaran unguwa yadda ake wanke kuza, da wuya ka samu mai amsa. Amma ka dubi sunayen da suke faɗa wa mai keke kullum: Ali Kazaure, Ibrahim Katsina, Abba Na Shehu, Garba Daho, Sarkin Arab. Duk mutane ne, wasunsu har da garin da suka fito liƙe da sunan. Abin da aka zo nema ya wuce, waɗanda suka zo neman ne suka zauna a bakinmu.

Ɗan garin nan ma ya bi wannan hanya a rubutunsa, ko da yake da Turanci yake yi. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos a 1979 wanda ya yi karatu a Jami'ar Jos, ya fitar da tarin gajerun labarai mai suna The Whispering Trees a 2012, kuma labarin da ya ba littafin suna ya kai matakin ƙarshe na gasar Caine a 2013. Saurayi ne ya rasa idanunsa a haɗarin motar da ya ci ran mahaifiyarsa, daga baya ya fara ganin abin da masu ido ba sa gani. Marubuci mai gaggawa da tun shafi na biyu ya ba shi wannan baiwa ya tura shi farautar fatalwa. Shi kuwa ya zaunar da mu tare da makahon cikin ɗacin ransa da fushinsa, da yadda yake huce haushi a kan masu ƙaunarsa, har sai da muka san shi, sannan abin al'ajabin ya zo. Da ya zo kuwa ya yi nauyi, domin a kan wanda muka sani ya sauka. Littafinsa na Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, babu aljani ko ɗaya a ciki, amma damuwar ɗaya ce: Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55 da rikicin Jos ya raba da mijinta, ba a wanke ta ba, ba a kuma jefar da ita ba. Na ji masu cewa sun ji kunyar littafin, na ji masu cewa sun yi mata kuka, kuma sau da yawa mutum guda ne yake faɗin duka biyun.

Ba ina cewa ɗan yayata bai da hujja ba ne. Wanda aka yi wa alkawarin ruwa yana da haƙƙin ya tambayi ina ruwan, kuma a ganina ɓangaren aljannu na Ruwan Bagaja bai samu irin kulawar da rigimar Alhaji da Zurƙe ta samu ba. Kana karantawa kana jin inda zuciyar marubucin take. Ba kuma ina raina littattafan yaƙi ba. Sun riƙe dubban samari a kan karatun Hausa a lokacin da abubuwa da yawa ke janye su, kuma tsara gumurzun da zai hana mutum barci gwaninta ce da ba kowa ke da ita ba. Abin da nake tsoro shi ne mudu ɗaya ya zama shi kaɗai ake awo da shi a kasuwa, har ya kasance duk labarin da ya tsaya ya kalli mutum a ce ba a yi komai ba a cikinsa. Hukuncin farko na mai karatu yakan fito ne daga abin da ya saba. Na biyun, wanda yake zuwa bayan kwanaki idan ya tsinci kansa yana gardama a kan mutumin da ba a taɓa haifa ba, shi ne wanda marubuci ba kasafai yake ji ba, don a lokacin an riga an gaya masa na farkon, ya kuma gyara alƙalaminsa a kai.

Akwai wata yarinya a layinmu, 'yar aji biyar a sakandare, da take rubuta labari a littafin rubutu mai shafi tamanin, ƙawayenta suna karɓa babi-babi suna dawo mata da shi. Jarumarta 'yar sarkin aljannu ce da aka aiko duniyar mutane ta karɓo wani zobe, sai ta ɓuya a gidan wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, ta kasa fita saboda tsoro. Babi huɗu tana cikin gidan nan, tana taya tsohuwa wanke wake, tana ƙirƙiro dalilan da za su hana ta tafiya yau sai gobe. Ƙawayen suka taso ta gaba: wace irin aljana ce wannan, ta tashi ta yi faɗa mana, ko a canja ta da wata. Mahaifiyarta ta turo ta wurina da littafin. Ta ce, "Baba, wai in gyara ta?"

Na karanta a zaune ban tashi ba. Rubutun yana da kurakuran ƙa'ida, wasu wuraren an maimaita magana, amma aljanar nan tana numfashi. Akwai inda tsohuwa ta gane baƙuwarta ba mutum ba ce, ta ƙi nunawa, ta dai ƙara mata mayafi da dare. Na tambayi yarinyar ko ƙawayen sun daina karɓar littafin. Ta ce a'a, har rigima suke yi a kan wadda za ta fara, kuma ɗaya daga cikinsu ta ce idan aka kashe tsohuwar ba za ta ƙara yi mata magana ba. Na ce, "'Yata, to ki ji wannan fiye da yadda kike jin waccan." Na nuna mata wuraren da labarin ya tsaya cik ba gaira ba dalili, don jinkirin da ke gina mutum daban yake da jan ƙafa, na ce ta rage su. Ta tafi da littafinta a kan za ta bar aljanar da tsoronta har babin ƙarshe, amma za ta sa faɗa guda a tsakiya saboda ƙawayen, kuma tsohuwar ce za ta yi shi.