Muryar Muke Ƙauna, Ko Mai Muryar?

A watan Fabrairu na 2012 aka kai gawar Whitney Houston majami'ar New Hope Baptist da ke birnin Newark na Amurka domin sujadar jana'iza. A wannan majami'a ta fara rera waƙa tana yarinya, ƙarƙashin kulawar mahaifiyarta Cissy, wadda ita ma mawaƙiyar bishara ce. Faifanta na farko ya fito a 1985, fim ɗinta The Bodyguard kuma a 1992, har sunanta ya kai inda ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Ta mutu tana da shekara 48, a cikin bahon wanka na wani otal a Beverly Hills. Masu bincike suka ce nutsewa ta yi, ciwon zuciya da hodar iblis kuma sun taimaka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a daren nan, a otal ɗin nan, aka ci gaba da liyafar manyan mawaƙa da aka shirya, gawarta kuwa tana ɗaki a sama.

Wa'azin da ya fi sauƙi a kan wannan labari kowa ya san shi: ta bar gidan Ubangiji ta bi duniya, duniya kuwa ta cinye ta. Ni ma na taɓa yin irinsa, akwai kuma gaskiya a ciki. Amma ya yi mana daɗi fiye da kima, gama ya ɗora mata dukan kayan, ya bar mu masu sauraro hannu rabbana.

Osinachi Nwachukwu ba ta bar gidan Ubangiji ba. Da waƙarta Ekwueme ta sa dubban masu bi hawaye, har da waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya ta Ibo. Ta mutu a Abuja a watan Afrilu na 2022 tana da shekara 42. Sai bayan mutuwarta 'yan'uwa da abokan hidima suka fara bayyana irin azabar da take sha a gidan aurenta, a 2025 kuma babbar kotu a Abuja ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Wasu sun sani tun tana da rai. Ana gayyatarta taro bayan taro, ana miƙa mata makirufo, jama'a suna tashi tsaye. Wannan karon ba mu da Hollywood da za mu zarga.

Littafin Sama'ila na Fari ya nuna mana wannan hali a jikin Sarki Saul. Ya aika aka kawo masa Dawuda domin kiɗan yaron yana kwantar masa da hankali, an kuma ce ya ƙaunace shi ƙwarai. Duk da haka, wata rana Dawuda yana cikin yi masa kiɗa, Saul ya wurga masa mashi. Sauƙin da yake samu shi yake ƙauna. Mai kiɗan kuwa kayan aiki ne, kamar molon da ke hannunsa. Mutum yana iya cin moriyar baiwar wani shekara da shekaru, har ya sami albarka ta wurinta, bai taɓa tambayar kansa ko mai baiwar ta kwana lafiya ba.

Nauyin ya fi faɗa wa mata. Namiji mai waƙa in ya tsufa sai a ce ya zama dattijo. Mace kuwa, da zarar murya ta dushe ko fuska ta canja, sai a nemi wata. A rangadin Whitney na 2010, da muryarta ta kāsa, wasu masu kallo suka tashi suka fice. Sun biya kuɗi, ba su sami abin da suka saya ba. A kasuwa wannan daidai ne. Ikilisiya dai ba kasuwa ba ce, ko da yake wani lokaci muna yin ciniki iri ɗaya, sai dai da tafi da “amin” muke biya.

Akwai wata uwa da ta ja waƙa a zumuntar mata na wata ikilisiyarmu fiye da shekara ashirin. Ba a yin biki ko jana'iza a gundumar sai da ita. Da ciwon maƙogwaro ya kama ta, aka ba wata matashiya wurinta, hidima kuma ta ci gaba ba tangarɗa. Na ziyarce ta bayan wajen shekara biyu, ba don kirkina ba, wani tsohon hoto nake nema domin wannan mujalla. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da na tashi tafiya ta rako ni har ƙofar gida, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, “Malam, ka gai da mutanenmu. Ka ce musu ina nan, ban ƙaura ba.”