A Makabarta Ake Gane Mai Gari

Masu rubuta tarihin duniya sun fi son ranar naɗi da ranar juyin mulki: ranar da wane ya hau, ranar da aka tumɓuke wane. Ni ɗan zangon Tamale ne, jikan fataken goro da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watso, kuma na daɗe da daina auna ƙarfin sarki ko soja ko malami da waɗannan ranaku. Da gawa nake aunawa. Wa ke da ikon cewa a binne? A ina, yaushe, kuma me za a yi bayan an dawo daga makabarta? Wanda maganarsa ta ci a nan, shi ne ya taɓa rayuwar mutane da gaske. Zama a ƙasar Dagwamba ne ya koya mini haka, don ba na jin akwai inda makoki yake da nauyin da yake da shi a nan.

Bahaushen Kano ko Katsina zai yi mamakin tsarin. A can sarki ya rasu da safe, kafin magariba an rufe shi, cikin 'yan kwanaki an naɗa sabo. A Yendi, fadar Ya Na, binnewa daban, babban makoki daban. Ana rufe sarki a cikin fadar Gbewaa, babban ɗansa ya riƙe gado, amma ba a zaɓen magaji sai an yi makokin ƙarshe a fadar. Makokin nan shi ne shaidar cewa mamacin ya mutu yana Ya Na. A al'adar Dagwamba ɗa ba ya wuce inda ubansa ya tsaya a sarauta, saboda haka hana mutum makoki a fada daidai yake da rufe wa 'ya'yansa da jikokinsa ƙofar gadon har abada. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai taɓa gane abin da ya sa aka yi ta zubar da jini a kan inda za a yi wa mamaci addu'a da kiɗa ba.

Gidaje biyu ne, Abudu da Andani, zuriyar 'ya'yan Ya Na Yakubu na ɗaya, 'yan uba, da suka riƙa karɓa-karɓa tun ƙarni na 19. A 1954 gidan Abudu ya gaji kansa, aka fara tsama. Gwamnatin Nkrumah ta sa hannu da doka a 1960, sojojin da suka kifar da shi a 1966 suka warware abin da ya ƙulla. Ya Na Andani na uku ya rasu a 1969 bayan 'yan watanni a kan fatar sarauta, kwamitin gwamnati ya ce naɗinsa ma bai inganta ba, danginsa suka ƙi barin fada sai sun yi masa makoki. Ranar 9 ga Satumba, 1969, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta, mutum fiye da ashirin suka kwanta. Aka naɗa Mahamadu Abdulai na gidan Abudu. A 1974 gwamnatin Acheampong ta sauke shi ta ɗora Yakubu Andani na biyu. Mahamadu Abdulai ya rasu a 1988, makokinsa kuwa ya tsaya cak, domin yinsa a fada yana nufin sarki mai ci ya fita ya ba abokan gaba wuri.

Sai 27 ga Maris, 2002. Bayan kwana uku ana ɗauki-ba-daɗi a Yendi a kan bikin Bugum, aka kashe Ya Na Yakubu a fadarsa tare da mutane wajen talatin. Yendi tana da nisan kimanin kilomita 100 daga nan, amma mu ma dokar hana fita ta rufe mu, ba a ɗage dokar ta-ɓaci gaba ɗaya ba sai 2004. Ina tuna yadda mai shayin bakin layinmu yake kife kofuna tun rana ba ta gama faɗuwa ba, da yadda mata a kasuwar Aboabo suka koyi tambayar gidan mutum kafin su saki baki. Mu 'yan zango ba Abudu ba ne, ba Andani ba ne, amma maƙwabcinka ɗaya ne daga ciki, surukinka ma haka. Gawar sarkin ta yi shekara huɗu ba a binne ba, sai Afrilun 2006. Gwamnatoci suka zo suka wuce. Waɗanda suka kwance ƙullin a ƙarshe sarakuna ne 'yan'uwansa: Sarkin Ashanti Otumfuo Osei Tutu na biyu, da Nayiri na Mamprusi, da Yagbonwura na Gwanja. Maganin da suka kawo kuwa makoki biyu ne. A Disambar 2018 aka ba gidan Abudu fada suka yi wa Mahamadu Abdulai nasa, shekara talatin bayan rasuwarsa. A Janairun 2019 gidan Andani suka yi wa Yakubu, a watan nan kuma aka zaɓi Sarkin Savelugu, Abukari Mahama, ya zama Ya Na.

Wannan ita ce sarauta: ba ta sauri, ba ta mantuwa, kuma ba kasafai take kawo sabon abu ba. Ƙarfinta jimiri ne. Jamusawa sun karya rundunar Dagwamba a Adibo a Disambar 1896 suka ƙone Yendi. A 1899 aka tsaga ƙasar biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus, yammaci hannun Ingila, har Turawan Ingila suka mai da Tamale hedikwatarsu a 1907. Ina Jamus a Yendi yau? Fata tana nan inda take.

Juyin juya hali kuwa na gan shi da idona. Tun kafin 'yancin kai Nkrumah ya yi wa sarakuna barazanar cewa za su gudu su bar takalmansu. A 1979 Rawlings ya zo da zafin da ya fi wannan. Ina saurayi lokacin. Na ga an fasa shaguna an fito da sabulu da madara da sukari ana sayarwa a farashin gwamnati, layi ya miƙe har titi, mu muna murna muna cewa ƙarshen kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi, ya zo. Na kuma ga an kwantar da mace sa'ar uwata a tsakar kasuwa ana tsula mata bulala saboda an sami 'yan katan na kifin gwangwani a ƙarƙashin gadonta. Bayan 'yan makonni kayan suka ƙare, shagunan suka zama wayam, ba kalabule ba sabulu. A watan Yunin shekarar aka harbe manyan hafsoshi takwas, uku daga ciki tsofaffin shugabannin ƙasa, Acheampong da Akuffo da Afrifa, aka turbuɗe su ba tare da iyalansu ba. To, me ya biyo baya? A 2001 gwamnatin Kufuor ta tono ƙasusuwan ta miƙa wa dangi, kowa ya kai nasa gida ya yi masa abin da al'ada ta ce.

Ba a Gana kaɗai ba. Faransawa sun sare kan Louis na 16 a 1793, a 1815 suka kwashe abin da ya saura suka kai makabartar sarakuna. 'Yan gurguzun Rasha sun harbe Sarki Nikolas da iyalinsa a 1918, a 1998 aka yi musu jana'iza a coci shugaban ƙasa yana tsaye. Haile Selassie na Habasha, wanda sojoji suka tumɓuke a 1974, an sake binne shi da girma a 2000. Juyin juya hali ya iya kisa, amma bai iya binnewa ba, sai ya bar wa na baya bashin. In kuma nasa jagoran ya mutu, sai ya ari rigar sarautar da ya yaga: an shafe Lenin da magani an ajiye shi a gilashi tun 1924, an gina wa Khumaini ƙubba mai kwalliya a Tehran, Nkrumah da kansa an ɗauko shi daga Gini zuwa Nkroful, daga Nkroful zuwa hubbaren marmara a Akra a 1992.

Ba na cin amanar Rawlings. A zamaninsa wutar Akosombo ta iso Tamale, shi ya kafa mana jami'ar nazarin ci gaba a 1992, kuma ɗan talakan arewa ya ɗaga kai a lokacinsa. Sai dai tsarin mulkin da ya bari a shekarar nan ya tabbatar da sarauta, har ya hana majalisa ikon ba wani sarauta ko ƙwace ta. Kwamitocin tsaron juyin juya hali da aka kafa unguwa-unguwa don su maye gurbin masu gari, yau sai ka tambayi tsoho kafin ka ji sunansu. Dakpema da Gulkpe Naa, masu garin Tamale, suna nan suna karɓar gaisuwa. Abin da ya fi ba ni tunani ma shi ne Konkomba, mutanen da ba su gaji babbar sarauta ba: cikin abubuwan da suka haddasa mummunan yaƙin 1994 har da neman a ba su babban sarki nasu. Ba rushe fada suka nema ba, tasu suke so.

Wanda ya shiga har ɗakin gawar talaka ya canza abin da ake yi a ciki, malami ne. Makaɗan Dagwamba, waɗanda su ne littafin tarihin ƙasar, suna danganta wa Naa Zangina, wanda ya yi sarauta wajen shekara ta 1700, shigowar Musulunci fada tare da malaman Wangara da na Hausa, da wanzamai, da suturar kirki, da gyaran yadda ake sallamar mamaci. Wannan Musulunci ne mai lallashi. Ya zauna a gindin sarki ya karɓi muƙami, Mauludi ya zama Damba da dawakai da kalangu, kowa ya samu nasa. Shekara fiye da ɗari biyu ana haka, liman yana addu'a, boka yana duba abin da ya kashe mamaci, 'yan bindiga suna harbi, ba mai ce wa wani kanzil.

Sai Afa Ajura, Malam Yusuf Salihu, ya tashi a unguwar Sakasaka a nan Tamale. Ba shi da soja, ba shi da fata sai buzu. Makaminsa wa'azi da harshen Dagbani, da waƙoƙin da ya tsara waɗanda mai tallan koko ma take iya haddacewa, da makarantar Anbariyya wadda daga baya ta riƙa tura ɗalibai Madina. Ya yi kaca-kaca da layu da duba da dukiyar da ake ƙonawa a makoki, ya kuma kafa wa Tijjaniyya ƙahon zuƙa, musamman bayan ziyarar Shehu Ibrahim Inyass ta ƙara mata ƙarfi a farkon shekarun 1950. Aka raba masallatai, aka yi jifa, aure ya mutu a gidaje da dama. Mutanenmu suka sa wa mabiyansa Munchire, su kuma suna kiranmu masu ganin Allah. Ni gidan wazifa na tashi, kuma har gobe ina ganin zafin ya yi yawa. Amma gaskiya ɗaya ce: ya rasu a Disambar 2004 ya bar garin da ba irin wanda ya tarar ba.

A gidanmu na ga iyakar abin. Da mahaifinmu ya rasu, bayan an dawo daga makabarta muka zauna a zaure ana lissafin sadakar uku da bakwai da arba'in: buhun shinkafa nawa, goro ƙwarya nawa, rumfa da kujeru, masa da za a raba, abin da za a sa wa malamai a ambulan. Ƙanena, wanda ya yi Anbariyya, ya bari aka gama sannan ya ce, "Yaya, Baba yana da bashi a Aboabo. A biya shi tukuna, in wani abu ya saura a yi shinkafar." Gwaggo ta yi zumbur ta ce, "Kai yaro, ɗan'uwana ba baƙo ba ne da za a rufe shi a watse kamar an tashi kasuwa." Aka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe aka biya bashin, aka yi uku, aka haɗe bakwai da arba'in a rana ɗaya ba rumfa. Gwaggo ba ta taɓa zama a wa'azin Afa Ajura ba, sunansa ma ba ta son ji, amma rabin maganarsa aka yi a makokin ɗan'uwanta. Ba dokar Nkrumah ko bulalar 1979 da ta taɓa isa zauren nan.

Kada malamai su yi saurin murna. Addini ma in ya ci nasara yakan nemi gadon sarauta. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, shekarar da Napoleon, ɗan juyin Faransa, ya ɗora wa kansa kambi. Jihadin ya kawar da sarakunan Haɓe, amma tun ana cikin yaƙi ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya ga take-taken son mulki har ya bar rundunar ya nufi gabas, Kanawa suka tsayar da shi. Jikokin masu tuta su ne sarakunan yau. A nan Tamale ma an san lokacin da ake iya gane gidan sarautar da mutum yake goyon baya, da jam'iyyar da yake zaɓa, daga masallacin da yake Juma'a. Malamin da ya kai nan ya zama bafade, ko da rawaninsa ya kai tulu.

Shi ya sa nake da ƙorafi a kan malamanmu na ɓangarorin biyu. Sun yi shekaru suna fafatawa a kan ko sadakar arba'in ta halatta, amma aya da hadisin da suka ce jinin talaka da na sarki ɗaya ne ba su sami irin wannan zafin ba. Sarakuna sun yi wa sarakuna makoki, mun gode Allah da zaman lafiyar da ya samu, ba kuma mai son a tono abin da aka rufe. Sai dai tare da Ya Na Yakubu an kashe dogarai da makaɗa da 'yan gari waɗanda ba kwamitin da ya zauna a kan nasu makokin, haka waɗanda aka harbe a 1969. 'Ya'yansu suna nan cikinmu, wasu suna tuƙa adaidaita a titin Bolga. A Maris 2011 babbar kotu a Akra ta sallami mutum goma sha biyar da aka gurfanar a kan kisan 2002, kuma har yau ba a hukunta kowa ba.