Ruwan da Ke Dawowa

Silifa ne shuɗi, ƙafar hagu, na ɗan ƙanwata mai shekara tara da ya zo mana hutu Fatakwal daga Zariya. Da hantsi muka gangara bakin ruwa a bayan unguwarmu ta Diobu, inda mata ke sauke itace daga kwalekwale. Yana tsalle a kan wani katako sai takalmin ya suɓuce ya faɗa. Muna ji muna gani ruwa ya ja shi, yana juyi a hankali, har ya sha kwana. Yaro ya ɓare baki, don ya san abin da zai tarar wurin uwarsa. Wata dattijuwa mai sayar da itace ta dafa kansa, ta ce da shi cikin turancin kasuwa ya share hawaye, ya dawo da yamma ya duba.

Na ɗauka lallashi ne kawai irin na manya. Amma shi ya riƙe maganar, ana idar da sallar La'asar ya kama hannuna. Wurin da muka bari da laka baƙa ƙirin mai wari, yanzu ruwa ya cika shi fal har yana lasar ƙafafun gidajen katako. Can tsakanin saiwoyi, cikin ledojin fiya wata da robobin lemo da wani tsohon buhu, ga shuɗin abu yana lilo.

"Kawu! Kawu, ga shi can ya dawo!"

Shekarata goma sha ɗaya a garin nan a lokacin. Na san farashin albasa a kowace kasuwa, na san motar da ke tashi zuwa Arewa da ranar tashinta, amma sai a ranar na lura cewa ruwan da nake kwana kusa da shi yana tafiya yana dawowa sau biyu kowace rana. Wata ne ke jan sa. Kimanin awa shida yana cika, awa shida yana janyewa, kullum kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya, ko ya kai daren sha huɗu, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Masunta a nan da wannan suke tsara fitarsu da shigarsu. Mu da muke ƙirga wata don azumi da salla, ashe maƙwabtanmu ma shi suke kallo don neman abinci.

Mu 'yan tudu ne, kogin da muka sani hanya ɗaya yake bi. A Zariya idan damina ta sauka, abin da aka zuba a kwata sai ya bi Kubanni, Kubanni ta miƙa wa Galma, shi ke nan an rabu. Da wannan tunani muka taso: ruwa na tafiya da ƙazanta, ba ya waiwaye. Har ana jiran hadari ya haɗo a fito da shara a juye a lambatu. Da shi kuma muka sauko Kudu, muka zauna a bakin ruwan da ba haka halinsa yake ba. Abin da mahauci ya wanke da safe, da ledar da mai shayi ya jefa, da robar da mai kayan gwari ya yar, duk za su yi 'yar tafiyarsu su komo kafin magariba, su kwanta a ƙarƙashin ɗakin da 'ya'yanmu ke barci.

Wannan silifa ne ya sa, kafin hutun yaron ya ƙare, na rufe rumfa kwana ɗaya muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Boni. Tafiyar awa guda ce da 'yan kai a jirgi mai inji. A can akwai gandun daji na Finima, wanda kamfanin iskar gas na NLNG ya keɓe a 1999, faɗinsa wajen hekta 1,000, ƙungiyar kare muhalli ta NCF ke kula da shi, ita ce kuma mai kula da gandun Lekki na Legas. Wanda ya san Yankari kada ya sa ran ganin giwa ko shiga mota ana zagayawa da shi. Nan tafiyar ƙafa ce, gajera, wadda dattijo da ƙaramin yaro za su iya. Ka bi 'yar hanya ƙarƙashin dogayen itatuwa, birai na tsalle a sama, ƙasa na sauya kama daga busasshiya zuwa fadama, har iska ta fara kawo maka ƙanshin gishiri da rugugin teku. An ajiye ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku a wurin, irin wadda mutanenmu ke kwatantawa da kifin Annabi Yunusa. Yaron ya daɗe tsaye gabansu bai ce uffan ba.

Ni kuwa abin da ya tsayar da ni itace ne. Mutanen nan suna kiran sa angala. Na sha sayen sa a ɗaure, na san yana da nauyi, yana da wuta mai daɗewa, masu ƙyafe kifi ba su da kamarsa. Ban taɓa ganin sa a raye kusa da kusa ba sai ranar. Gindinsa bai taɓa ƙasa ba. A kan saiwoyi yake tsaye, goma, ashirin, sun lanƙwaso daga jikinsa kamar ƙafafun gizo-gizo sun nutse cikin laka, wasu ma daga rassa suke saukowa. Lakar wurin ba ta da iska, shi ya sa yake shaƙa ta ƙananan ƙofofi a jikin saiwar da ke sama. Ruwan gishiri da zai kashe mangwaro ko dalbejiya cikin 'yan kwanaki, shi a ciki yake rayuwa, saiwarsa na tace gishirin.

Na tsuguna na duba tsakanin saiwoyin da ruwa ya janye. Wuri ne mai cike da rai. Ƙaguwoyi ƙanana, kowace da ƙaton hannu guda, suna ɗaga shi suna saukewa a bakin ramukansu, da na motsa sai duk suka ɓace lokaci ɗaya. Ga wani kifi mai idanu a tsakar ka, ya fito daga ruwa yana jan jiki a kan laka da fukafukansa na gaba. Ga ƙananan dodon koɗi masu dogon baya, waɗanda ake kira isam, da matan garin ke tsinta suna zubawa a miya. Mai rakiyarmu ya ce yawancin kifin da jatan landen da ake kamawa a teku a nan suke yin ƙuruciyarsu, saiwoyin ne ke ɓoye su daga manya. Ya tsinko mini wani abu dogo kore mai kama da sandar ganga, ya ce ɗan itacen ne. Tun yana jikin uwa yake tsira, sai ya yi ƙwari ya faɗo. In ya dace da laka ya cake, in ya faɗa ruwa ya yi ta yawo har ya sami inda zai kafu.

Abin da ya fi shiga raina shi ne ruwan da ke dawowa a wannan wuri. Da ya fara cikowa, ganye ya kawo, da 'ya'yan angala, da ƙananan kifaye. Akwai robobi jefi-jefi da teku ya turo daga nesa, amma ba su rufe lakar ba. Ruwa ɗaya ne da na bayan gidanmu, wata ɗaya ke jan su. Bambancin kawai a nan an hana sara, an hana zubar da shara, kuma akwai masu tsaye a kan hanin.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan dajin angala, kuma mafi yawansa a yankin Neja Dalta yake. Yana ƙarewa ta fuskoki da yawa. A 1906 Turawa suka kawo wani irin kaba mai suna nipa daga Singafo suka dasa a Kalaba don ya tare zaizayar gaɓa. Ya bazu, duk inda aka sare angala sai ya mamaye, ga shi ba ya tara kifi da isam kamar na asali. Sai kuma mai. A 2008 bututu ya fashe a Bodo ta ƙasar Ogoni, ɗanyen mai ya yi makonni yana kwarara cikin fadamu, cikar ruwa na shigar da shi lungu-lungu, yana shafe ƙofofin da saiwa ke shaƙar iska. Sai a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya mutanen garin fam miliyan 55. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Wanda ya zauna Fatakwal daga ƙarshen 2016 kuma bai manta da baƙar tokar da ke sauka a kan shanya da farar riga da hancin jarirai ba.

Da na ba wani dattijo a masallacinmu wannan labari, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, waɗanda suka zuba mai jirgi-jirgi ba su ji kunya ba, sai ledar mai shayi ce za ta kashe teku?" Na ce, "Gaskiyarka, Baba, ɓarnarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba." Har gobe ina kan haka, kuma bai kamata a sassauta musu ba. Amma bututun ba a hannunmu yake ba, ledar kuwa a hannunmu take, kuma ba ƙofar mai kamfani take komawa ba. Itacen da masu tsire da masu gidan burodi ke saye ma, da yawansa daga wannan dajin ake saro shi. Ni kaina na saya ba sau ɗaya ba.

'Yan'uwanmu na Anacha da Inugu za su ce su ai ba ruwan teku gare su ba. Wanda ke Anacha ya ɗan bar kasuwa wata yamma, ya taka zuwa gaɓar kogin Kwara, ya tsaya inda zai hango tsohuwar gadar da aka kammala a 1965. Ruwan da ke wucewa gabansa ya taso tun daga tsaunukan Gini, tafiyar kusan kilomita 4,000. A cikinsa akwai na gulbin Maraɗi da na Rima, akwai na kogin Kaduna wanda ya haɗiye Galma da Kubannin garinmu, akwai na Binuwai da suka gamu a Lakwaja. Duk nan suke bi su watsu cikin fadamun Dalta su shiga teku. Ashe sharar da muka juye a lambatu a gida muka ce an rabu, hanyar da muke bi zuwa ci-rani ita ma take bi. Kuma Kwara ma tana da ranar komowarta: a 2012 da 2022 ta hau tudu, ta shiga gidaje a Ogbaru da kewaye, kuma duk magudanar da shara ta toshe, nan ruwa ya fi daɗewa. A Inugu kuwa dajin Ngwo na nan a bayan gari, 'yar tafiya ce ta sauka zuwa kogo da ruwa mai zubowa daga dutse. Mai zuwa can ya dubi ƙasar da itace ke riƙe da ita, sannan a hanyar dawowa ya dubi jajayen kwazazzabai a inda aka sheme.

Ina ganin abin da ke hana mu kula shi ne maganar nan da muke yawan yi, wai baƙo raɓa ne. Muna zaune da jaka a ɗaure, ido na kan gida, ga shi kuma ba a rasa dalili ba, don an sha tashin hankalin da ya kore mu ba shiri. Amma raɓar nan ta daɗe. Tun da aka gano kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal a 1912, jirgin ƙasa ya haɗa su a 1916, mutanenmu ke saukowa da shanu da fata da albasa. Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Akwai gidaje a unguwanninmu da aka haifi kaka a nan, aka haifi jika a nan. Yaran nan wannan ruwan suke wanka da shi, wannan kifin suke ci. Tun a makarantar allo kuma aka koya mana cewa ɓata ruwan da jama'a ke amfani da shi laifi ne, ba a ce sai ruwan garinku ba.

Kirana ga sarakunan Hausawa na garuruwan nan uku, da limamai, da shugabannin kasuwa: a ajiye durom na shara a kowane layi da ke bakin ruwa ko bakin kwata, a sa wanda zai riƙa kwashewa, kuɗin bai kai abin da muke tarawa na gadi ba. Malaman Islamiyya kuma su ware rana ɗaya a hutu su fita da yara, na Fatakwal zuwa Finima, na Anacha zuwa gaɓar Kwara, na Inugu zuwa Ngwo. Kai kuma mai karatu, in za ka Boni, ka tabbata an ba kowane yaro rigar ruwa kafin jirgi ya tashi, ka tambayi mai jirgin lokacin janyewar ruwa na ranar, don a lokacin ne ake ganin saiwoyin da abin da ke zaune a cikinsu. Ka tafi da buhu guda a aljihu, ka dawo da robobinku a ciki.