Alkawarin Gudu da Haƙƙin Jiki

Akwai wata kyakkyawar al'ada da ta bazu a duniya a zamaninmu, wato mutum ya ɗauki alkawarin yin dogon gudu domin a tara wa mabukata taimako. Yakan zaga dangi da abokai, kowa ya rubuta abin da zai bayar idan ya kai ƙarshen tseren. Ɗaya daga cikin tseren da ake yawan yi domin haka shi ne rabin gudun fanfalaki, mai tsawon kilomita 21 da ɗan ɗoriya.

Mu a gabashin Jihar Sakkwato ba sai mun je nesa neman waɗanda za a yi wa irin wannan gudu ba. A shekarar 2010 ruwa ya ɓalle daga madatsar Goronyo ya cinye gidaje da gonaki. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Tabanni a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 kuma aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan masifu ya bar marayu da gwauraye.

To, a ce wani saurayi daga Wurno ya ɗauki alkawarin yin wannan gudu domin marayun nan, jama'a suka rubuta gudummawarsu, sai ana saura wata uku ya faɗi daga kan babur, ƙashin ƙwaurinsa ya tsage. Mene ne wajibi a kansa? Ya ɗaure ƙafa ya koma atisaye domin kada ya ji kunya, ko ya janye ya ce ƙaddara ta sauke masa nauyi?

Waɗansu za su ce alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka sai ya kai. Suna da misali mai ƙarfi. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi a tsakiyar gudun fanfalaki ya ji mummunan rauni a gwiwa. Aka ɗaure masa, ya ci gaba yana ɗingishi, ya iso filin wasa fiye da sa'a guda bayan Mamo Wolde na Habasha wanda ya zo na ɗaya. Har yau ana yabonsa, ya kuwa cancanci yabo. Sai dai a lura, rauni ya same shi ne a tsakiyar hanya, a ranar da babu gobe. Saurayinmu yana da makonni a gabansa, yana da damar yin shawara. Abin da yake jaruntaka ga wanda ba shi da zaɓi yana iya zama garaje ga wanda yake da shi, Hausawa kuwa sun ce garaje ba ƙarfi ba ne.

Jiki yana da nasa tsari, ba ya sauraron kunyarmu. Idan ƙashi ya tsage ko ya karye, da fari jini ne yake taruwa a wurin, sa'an nan wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗa ɓangarorin biyu, daga baya ya taurara ya zama ƙashi. A karaya mai sauƙi wannan yakan ci mako 6 zuwa 8, ƙashin ƙwauri kuwa sau da yawa yakan fi haka, kuma ƙarfinsa na ainihi ba ya komowa sai bayan watanni. Tun a 1892 wani likitan fiɗa na birnin Balin, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yakan sāke gininsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Saboda haka kwanciya ba iyaka tana raunana shi, nauyin da ya wuce kima kuma yana sake karya shi. Akwai wani tarko kuma: numfashi da tsoka sukan komo da sauri fiye da ƙashi da jijiya, har mutum ya ji kamar ya warke alhali ƙafar ba ta shirya ba. Shi ya sa likitoci suke cewa a fara da tafiya, sa'an nan sassarfa, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Manomin albasa a fadamar Wurno ya san wannan darasi: ba a jan dashe da hannu don ya yi saurin girma.

Tambayar da za ta warware mana ƙullin ita ce: mene ne ainihin abin da aka yi alkawarinsa, kuma wa aka yi wa? Labarin wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, zai taimake mu. A 1977, yana ɗan shekara 18, aka yanke masa ƙafar dama saboda ciwon daji. Ya yi fiye da shekara guda yana koyon gudu da ƙafar roba. Ran 12 ga Afrilu 1980 ya tashi daga gabashin ƙasarsa da niyyar ratsa ta da gudu, yana roƙon dala ɗaya daga kowane ɗan Kanada domin binciken maganin cutar. Ya yi kwana 143, ya ci kilomita 5,373, yana jure ciwo iri iri. Ran 1 ga Satumba cutar ta bayyana a huhunsa. Ya tsaya, ya fito fili ya gaya wa jama'a gaskiya. A lokacin kuɗin da aka tara bai kai dala miliyan 2 ba. Cikin mako guda aka tara fiye da miliyan 10 a wani shirin talabijin, kafin rasuwarsa a watan Yuni na 1981 kuwa an haye miliyan 24 da ya yi fata. Bai kai ƙarshen hanya ba, amma abin da ya fita nema ya samu.

Ashe gudun kira ne kawai, kamar gangar da ake kaɗawa a tara mutane wurin gayya. Ainihin alkawarin shi ne taimakon ya kai ga mabukaci. Marainiyar da take Gandi hatsi take bukata, da magani, da kuɗin makaranta. Gurguntar wani saurayi ba za ta ƙara mata ko tiya ɗaya ta gero ba, sai dai ta ƙara wa gari mutum guda da za a riƙa ɗawainiya da shi. Wanda ya ƙi sauraron likita domin kada a ce ya kasa, ya binciki zuciyarsa da kyau: marayun yake tunawa, ko sunansa? Girman kai ya iya sa rigar sadaka. Haka nan wanda ya fake da rauni ya watsar da maganar gaba ɗaya, shi ma ya ci amanar waɗanda suka sa rai.

Hanyar da ta dace ita ce saurayin ya je wurin waɗanda suka rubuta gudummawa ya gaya musu halin da yake ciki, ba ɓoye ɓoye. Ya bi umarnin masu jinyarsa da irin himmar da zai bi atisaye, gama haƙurin jinya shi ma horo ne, wani lokaci ma ya fi gudu wuya. In ranar ta zo ƙafar ba ta shirya ba, ya taka abin da zai iya, ko ya ɗaga zuwa baɗi, ko wani ɗan'uwa ya karɓe shi. Amma tara taimakon kada ya tsaya ko na kwana ɗaya.

Sauran magana tana kanmu, mu masu bayarwa. Idan muka ce ba za mu saki abin da muka rubuta ba sai mun ga yaro ya yi gudu a kan karyayyar ƙafa, to, kallo muka saya, ba sadaka muka yi ba. Mu ne za mu fara ce masa, “Zauna ka warke, ga abin da muka yi alkawari.” Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu salama, ya buɗe hannuwanmu ga maƙwabtanmu.