Shin Rawa Wasan Banza Ce?

Masu cewa kowace rawa lagawu ce suna kafa hujja da cewa jiki ne ke bin son ransa. To amma rawar bale, wadda Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kafa wa makaranta a 1661, tana ƙaryata wannan. Tsayuwar ƙafa biyar ce tushenta, kuma kowane motsi da sunansa: "piliye" lanƙwasa gwiwa, "firuwet" juyi a kan ƙafa ɗaya. Mai koyo yakan yi shekaru yana tanƙwara jikinsa kafin a ce ya iya. Mutumin Kukuo a Tamale ba sai ya je Faransa ba, ya dubi rawar takai ta Dagomba, inda maza ke kewayawa suna haɗa sandunan ƙarfe daidai da kiɗan lunga. Wanda ya kuskure taku, ɗan'uwansa zai raunata.

Za a ce ladabtar da jiki ba ya halatta abu, ai ɓarawo ma yana da horo. Gaskiya ne, shi ya sa hukuncin ke komawa ga sutura, cakuɗuwar maza da mata da tozarta lokacin salla. Malamai su yi fatawa a kan waɗannan, kada su haɗa takai da shashanci.