Wa Ya Cancanci Hawayenmu?

Sa'ad da giya ta kashe mawaƙiya Amy Winehouse a Landan a 2011, tana da shekara 27, duniya ta yi makoki. Amma saurayin unguwarmu da kodin ya kayar, mukan kira shi ɗan iska, mu ratsa mu wuce. Ciwon ɗaya ne, suna ne ya raba su. Ashe shahara muke tausaya wa?

Maye yakan fara da zaɓi, ya ƙare da sarƙa wadda mutum ba ya iya tsinkewa shi kaɗai. Duk da haka akwai bege: Matt Talbot na Dublin ya rabu da giya a 1884, addu'a ta riƙe shi har mutuwarsa.

Kukan kabari ba ya warkar da kowa. Bari mu nemi ɗan'uwanmu tun yana da rai.